Shirin share fagen likitanci a Amurka: abin da kuɗina suka saya mini

Tun da na kammala shirin share fagen shiga makarantar likitanci, wanda a nan Amurka ake ce wa postbac, 'yan'uwa ke ta tambayata ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Ta biya, sai dai akwai abubuwan da ya kamata mutum ya sani kafin ya zuba dukiyarsa.

A gida yaro yana gama sakandare zai zana JAMB, in Allah ya nufa ya shiga MBBS ya yi shekara shida. A nan sai ka gama digirin farko a kowane fanni, sannan ka nemi makarantar likitanci ta shekara huɗu. Amma makarantun suna son su ga ka yi shekara guda-guda ta bayoloji, fiziks, kemistiri na gama-gari da kemistirin oganik, duk da aikin ɗakin gwaji, da yawa kuma suna ƙarawa da bayokemistiri. Ni tattalin arziki na karanta a Najeriya, ba ni da ko ɗaya. Ga kuma wata matsala tamu ta masu digirin waje: AMCAS, kafar da ake neman yawancin makarantun ta cikinta, ba ta lissafa makin jami'o'inmu, kuma makarantu da yawa suna son ka yi aƙalla shekara guda ta karatu a Amurka ko Kanada.

Shirye-shiryen iri biyu ne, kuma nan ne mutane suka fi ruɗewa. Akwai na masu sauya fanni irina, kamar na jami'ar Columbia da aka kafa a 1955, da na kwalejojin Bryn Mawr da Goucher waɗanda ake gamawa cikin shekara guda. Akwai kuma na wanda ya riga ya yi kimiyya amma makinsa bai yi kyau ba, kamar mastas na musamman da jami'ar Georgetown ke yi tun 1975, inda ɗalibi ke ɗaukar darussa irin na ɗaliban likitanci. Makin mastas daban ake rubuta shi, ba ya ɗaga na digirin farko, alhali darussan share fage suna shiga cikin makin digirin farkon. Wanda ya shiga layin da ba nasa ba ya yi asarar shekara.

Na zaɓi na wata jami'ar gwamnatin jiha, na shekara biyu, saboda akwai ajin yamma kuma ina da iyalin da zan ciyar. Na manyan makarantu masu zaman kansu kan haura dala dubu 30, ga shi mai shekara guda ba ya barin mutum ya yi wani aiki.

Karatun kansa ba shi da wani bambanci da wanda za ka samu in ka yi rajistar darussan da kanka. Ajin kemistiri cike yake da yara 'yan shekara 19, malami bai san sunan kowa ba. Abin da ya burge ni shi ne mai ba mu shawara. Matar nan ta zauna da ni ta jera mini darussan daki-daki, ta hana ni haɗa oganik da fiziks da bayokemistiri a zango ɗaya, kuma da aikin ɗakin gwaji ya faɗo mini a lokacin sallar Juma'a, ita ta sauya mini rukuni ba tare da dogon bayani ba. Ita ta samo mini aikin sa-kai a asibiti da likitan da na riƙa bi ina kallon yadda yake duba marasa lafiya. Baƙo da bai san kowa ba a gari zai daɗe bai sami wannan ƙofar ba. Sai kuma wasiƙar kwamiti, wadda shirin ke rubutawa ya haɗa shaidar malamai wuri ɗaya. Ga mai digirin da masu tantancewa ba su san jami'arsa ba, wannan wasiƙa tana da nauyi ƙwarai.

Inda ban ji daɗi ba, na farko shi ne MCAT, jarrabawar neman shiga makarantar likitanci. Jarrabawa ce ta sa'o'i bakwai da rabi, sashe huɗu, maki daga 472 zuwa 528, kuma tun 2015 ta haɗa da ilimin halayyar ɗan'adam da na zamantakewa. Shirinmu bai koyar da waɗannan biyun ba, bai kuma tanadi bitar jarrabawar ba, sai da na sake biyan wasu kuɗi. Na biyu ya fi ci mini rai. A takardun talla sun rubuta cewa mafi yawan ɗalibansu suna samun gurbi. Daga baya na gane waɗanda suka cancanci wasiƙar kwamiti kawai ake ƙirgawa. Wanda makinsa ya faɗi ƙasa ko ya bari a hanya ba ya cikin lissafi. Na ga abokan karatu masu ƙwazo sun tafi da bashi a wuya. Duk shirin da za ka nema, ka tambaye su mutum nawa suka fara, nawa suka gama, nawa aka rubuta wa wasiƙa.

Ka kuma tambayi batun yarjejeniyar da wasu shirye-shirye ke da ita da makarantun likitanci, wadda ke ba ɗalibi damar wucewa kai tsaye. In babu ita, sai ka gama, ka tura takardu a watan Yuni, ka jira har shekara mai zuwa kafin ka shiga aji. Namu yana da ita, amma makin da ake nema ya yi sama sosai, 'yan kaɗan ne suka samu. Ni ina cikin shekarar jiran, ina aiki a wani asibiti.

Ga mai katin zama na dindindin wanda bai taɓa yin kimiyya ba, ina ba da shawarar shirin da zuciya ɗaya. Mai bizar ɗalibi kuwa ya yi dogon nazari: makarantun likitanci kaɗan ne ke karɓar baƙi, ba ya samun bashin karatu na gwamnatin tarayya, wasu ma sai ya nuna kuɗin shekarun karatun tun kafin ya fara.