Zagayen keke daga Jos zuwa ƙauyukan Vom: yadda na same shi bana

Bana ne karo na biyu da na shiga zagayen keken da wata ƙungiyar masu keke ta nan Jos take shiryawa duk shekara a tsakiyar hunturu. Ni ɗan Gangare ne, ina sayar da kayan gyaran babur a Dilimi, kekena kuwa na gwanjo ne mai giya bakwai. Na faɗi haka ne don kada wani ya ɗauka sai mai keken tsada ake karɓa. A cikinmu har da dattijo mai tsohon Raleigh, kuma da shi aka dawo.

An ce ƙarfe shida da rabi za a tashi, ba mu motsa ba sai wajen takwas. Wanda ya san sanyin Jos na Disamba ya san abin da tsayuwar nan take nufi, yatsu sun ƙage har kama birki yana wuya. Dalilin jinkirin shi ne rajista, mutum ɗaya aka bari da littafi yana rubuta sunaye yana duba hular kwano. Duba hular na yaba da shi, amma a ƙara masa mataimaki.

Daga cikin gari zuwa Bukuru babu daɗi. Tifofi da 'yan Keke NAPEP ba sa raga wa kowa, sai dai jagororin sun yi ƙoƙari, ɗaya a gaba ɗaya a baya da tuta, motar agaji tana biye. Da muka wuce Kuru muka sauka daga kwalta, nan tafiyar ta fara biyan kuɗinta. Jar ƙasa, duwatsu an ɗora wani kan wani kamar da hannu, shingen ƙerana kewaye da gidaje, ga tsofaffin kududdufan kuza da aka bari tun zamanin Turawa, yanzu manoman rani suna jan ruwansu da inji suna ba kabeji da karas da dankalin Turawa. Jagoran ya tsayar da mu ya gargaɗe mu kada kowa ya kusanci bakin ruwan, don zurfinsa ba ya nunawa daga sama. Jos tana sama da mita 1,200 daga teku, kuma a hawan farko ƙirji yake gaya wa mutum haka.

Abin da ya sa zan sake biyan kuɗin rajista baɗi shi ne wannan. Tun rikicin Satumbar 2001 ƙafata ba ta taka ƙauyukan nan ba sai bara, alhali mahaifina a can yake sarin dankali ina yaro ina bin sa. Masu shirya zagayen sun je tun kafin ranar sun gaida masu unguwanni, shi ya sa duk inda muka shiga an san da zuwanmu. A wani ƙauye kafin Vom tayata ta baya ta yi faci. Ina durƙushe ina neman ƙayar, wata tsohuwa 'yar Berom ta fito da kujera da kwanon gwaten acha mai zafi, ta ce da Hausarta tsaf, "Ɗana, ci tukuna, keken ba zai gudu ba." Na ce, "Mama, na gode, Allah ya saka da alheri." Da na ambaci sana'ar mahaifina sai ta shiga lissafa mini kasuwannin da 'yan sari suke zuwa a da. Na daɗe a wurin fiye da yadda facin ya buƙata.

A Vom aka huta kusa da cibiyar binciken lafiyar dabbobi, wadda take nan tun 1924. An ba mu lemo da ayaba da ƙosai, an kuma ware mana wurin sallar azahar ba tare da mun roƙa ba.

Ruwan sha ne ya gaza. A hanyar dawowa, rana ta take, motar agaji ta ce ledojin ruwa sun ƙare, kuma bakanikenta ɗaya ne da famfo ɗaya ga jama'a masu yawa. Wani yaro da sarkarsa ta tsinke sai a mota ya ƙarasa. Duk mai niyyar zuwa baɗi ya riƙo gorar ruwa biyu, da kayan faci nasa, da safar hannu saboda sanyin safe. Ni kuma zan tafi da ɗan sukari da sabulu, na riƙe gidan Mama, yana dab da wata bishiyar mangwaro a hannun hagu.