Karatun Injiniyan Lantarki: Ina Ya Fi Dacewa Ɗan Sakkwato Ya Nema?

Da zarar an buɗe rajistar JAMB, gidan da ke da yaro mai ƙwazon lissafi, irin wanda tun yana ƙarami yake kwance rediyo da fanka don ya ga abin da ke ciki, yakan shiga shawarar inda zai nemi gurbin karatun injiniyan lantarki. Mafi yawan lokaci sunan jami'a ne ke yanke hukunci, alhali akwai abubuwan da suka fi suna nauyi a wannan fanni.

Sharuɗɗan shiga kusan ɗaya suke a manyan jami'o'in gwamnati. Ana buƙatar kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci, Lissafi, Fiziks da Kemistiri, kuma waɗannan huɗun ne ake rubutawa a JAMB. Karatun shekara biyar ne, kuma a aji huɗu ɗalibi yakan bar makaranta na tsawon wata shida don sanin makamar aiki a ƙarƙashin shirin SIWES. Abin da ya kamata uba ya fara bincika shi ne ko sashen yana da amincewar hukumar kula da jami'o'i ta NUC da ta COREN a halin yanzu, domin COREN ce ke yi wa injiniyoyi rajista a Nijeriya, kuma amincewar tata tana da wa'adi, ana sabunta ta ne bayan an zo an duba malamai da kayan aiki. Saboda haka maganar wanda ya gama shekara goma da suka wuce ba ta isa hujja ba.

Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wadda aka kafa a 1975, ita ce ta gida, sai dai tsangayarta ta injiniya ƙarama ce a shekaru idan aka gwada ta da ta Zariya, kuma hakan yana nufin tsofaffin ɗalibanta da suka riƙe manyan muƙamai a kamfanoni ba su yi yawa ba tukuna. Amma tana da abin da ba a cika kula da shi ba, wato Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato da ke cikinta tun 1982, wadda aikinta ya fi karkata ga hasken rana. A garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, kuma wutar da ake samu take biyo doguwar hanya daga Kainji ta Birnin Kebbi kafin ta iso, babu wanda zai ce mai ilimin sola da batir da inbata zai rasa abin yi. Masallatai, asibitoci, masu sayar da ƙanƙara da masu rijiyar burtsatse duk sun koma neman wanda zai lissafa musu yawan faifan sola da girman batir daidai da buƙatarsu, ba wanda zai yi ƙiyasi da ka ba. Ga kuma sauƙin aljihu, domin yaron da ke kwana a gidansu a Mabera ko Runjin Sambo ya huta da kuɗin haya da na doguwar tafiya. Inda gizo ke saƙa shi ne wurin SIWES, saboda masana'antun garin ba su da yawa: in ka cire kamfanin siminti na Kalambaina, da ofisoshin Kaduna Electric, da tashar TCN mai kula da manyan layukan wuta, da kamfanonin sadarwa, sauran wuraren ƙanana ne.

Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wadda ta fara a 1962, ita ce uwa a wannan fanni a Arewa, kuma da wuya ka shiga wata babbar ma'aikatar wuta ko sadarwa a ƙasar nan ba ka tarar da wanda ya fito daga Samaru ba. Wannan zumunci na tsofaffin ɗalibai yana da amfani ranar neman wurin SIWES da ranar neman aiki. Haka kuma girman tsangayar ya sa an rarrabe fannin, akwai mai bin wutar lantarki da injuna, akwai mai bin sadarwa, akwai mai bin kwamfuta. Sai dai girman nan yana da nasa farashin. Masu nema suna da yawa, don haka makin da zai shigar da yaro wata jami'ar ba lallai ya shigar da shi can ba, kuma a ajin farko da na biyu cunkoso yakan sa ɗalibi ya kalli gwaji daga nesa maimakon ya taɓa da hannunsa. Iyaye kuma su sa hanyar Gusau da Funtuwa a lissafi, ganin halin tsaron da ake ciki, tunda sau da yawa za a bi ta a shekara.

Jami'ar Bayero tana da fa'idar zama a Kano, inda Sharaɗa, Bompai da Challawa ke da masana'antu, ga kasuwar kayan lantarki a Sabon Gari ga mai haɗa aikin kammala karatu. Ita kuwa Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, ta 1983, ta dace da wanda ransa ke kan samar da wuta, domin madatsun Shiroro, Zungeru da Kainji duk a jihar Neja suke, amma ita ce mafi wahalar zuwa daga nan.

Wani abin da yawancin iyaye ba su sani ba shi ne yadda jami'o'in tarayya ke raba gurabe: kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka ɗauka suna baya a ilimin boko, kuma Sakkwato tana cikinsu. Wannan yana ba yaronmu dama ko a nesa, amma damarsa ta fi ƙarfi a Danfodiyo.

Akwai kuma hanyar kwalejin fasaha, kamar ta Umaru Ali Shinkafi a nan gida ko ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi. Bai kamata a raina ta ba, domin mai ƙaramar difloma yakan riga ɗan jami'a iya haɗa wayar wuta da gyaran injin lantarki mai juyawa, kuma in sakamakonsa ya yi kyau yana iya shiga jami'a kai tsaye a aji biyu. Abin lura shi ne COREN ba ta yi wa mai babbar difloma rajista a matsayin cikakken injiniya sai ya ƙara karatu.

Game da kuɗi, bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 ya rage wa iyaye nauyi, amma bashi ne da za a biya, kuma ba ya ɗauke sayen kwamfutar tafi-da-gidanka da kayan gwaji. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU kuwa, irin na wata takwas da aka yi a 2022, ba ya bambanta Zariya da Sakkwato.

A ganina, yaron da makinsa ya yi sama sosai kuma gidansu za su iya ɗaukar ɗawainiyar shekara biyar a nesa, ya nemi Zariya ko Kano. Wanda aljihun gida bai kai ba, ko wanda sola ce a ransa, ya tsaya Danfodiyo, amma tun daga aji uku ya fara neman wurin SIWES a Kaduna, Kano ko ɗaya daga madatsun Neja. Kafin a cike fom, a samu ɗan aji huɗu na sashen a tambaye shi sau nawa ya kunna injin gwaji da hannunsa a zangon da ya wuce, kuma a ina 'yan ajinsu suka samu wurin sanin makamar aiki.