Dutsen sama na Sahara: wanne za ka saya a Jos?

Tun da aka yi gwanjon dutsen duniyar Mars mai kusan kilo 25 a New York a Yulin 2025, wanda aka tsinto a yankin Agadez, aka kuma sayar da shi sama da dala miliyan biyar, duk baƙin dutsen da ya shigo hannun dillali sai a ce daga sama ya faɗo. Kafin ka zaro kuɗi, ka san abin da ake miƙo maka.

Mafi araha shi ne dutsen da ba a tantance ba, wanda 'yan kasuwar Maroko ke sayarwa da awon giram ko kilo. Ba shi da lamba, babu ɗakin binciken da ya duba shi. Galibinsa nau'in kondirait ne, wato dutsen sama na gama-gari mai ɗigon ƙarfe a ciki, don haka kuɗin gama-gari za ka biya. Duk wanda ya ce maka nasa na Mars ne ko na duniyar wata alhali babu takarda, fatar baki kawai yake sayarwa.

Wanda aka yanke wa gefe aka goge ya fi kwanciyar hankali, domin kana ganin cikinsa: ɗigo-ɗigon ƙarfe masu sheƙi da 'yan ƙwayoyi zagayayyu kamar gero. Mai rajista kuwa, wato mai lambar NWA da ake ba duwatsun saman da aka samo a arewa maso yammacin Afirka, shi ya fi tsada, saboda sai da aka ba masana giram 20 ko kashi 20 cikin ɗari na nauyinsa, duk wanda ya fi ƙanƙanta. Mai niyyar sake sayarwa a waje, wannan ya dace da shi. Duba lambar da nauyin a Meteoritical Bulletin, kundin rajistar duwatsun sama da ke intanet.

A Jos sai an ƙara lura, don ƙasar kuza ce. Tama, kashin maƙera da baƙin dutsen tsoffin duwatsu masu aman wuta na wajen Panyam duk suna ruɗar mutane, wasu har maganaɗisu suna kamawa kamar yadda kondirait ke yi. Saboda haka gwajin maganaɗisu shi kaɗai bai isa ba. Goga dutsen a bayan tayil: jan layi ko baƙi ƙirin alamar tama ce. Ramukan kumfa a ciki, kashin maƙera ne. Baƙin ɓawon da dutsen sama ke yi saboda ƙonewa yayin faɗowa siriri ne, da wuya ya wuce milimita ɗaya, kuma iskar hamada kan cinye shi.

Sannan ka auna shi. Ɗora kofin ruwa a sikeli, mayar da shi sifiri, ka rataya dutsen da zare cikin ruwan ba tare da ya taɓa ƙasa ba. Raba nauyinsa na busasshe da abin da sikelin ya nuna. Kondirait kan ba da 3.2 zuwa 3.7, duwatsun gida yawanci ba sa wuce 3, tama kuwa wajen 5. Shanya shi nan take, in ba haka ba tsatsa za ta ci ƙarfen.

Tambayi inda aka tsinto shi da takardar fitarwa. A 2025 gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda na Agadez ya bar ƙasarta, kuma masu saye na waje yanzu suna neman shaida.