Inabin Chasselas de Moissac: Ƙananan 'Ya'ya Masu Tsada

Idan aka ambaci yankunan inabi masu rajista a Faransa, hankali yakan tafi ga giyar Bordeaux ko ta Champagne, amma garin Moissac da ke bakin kogin Tarn, a kudu maso yammacin ƙasar, ya yi suna ne da inabin ci. Tun 1971 hukumomin Faransa suka ba wannan inabi lambar AOC, wato shaidar kare sunan asalin wurin da aka noma shi, Tarayyar Turai kuma ta amince da shi a 1996 da tata shaidar mai suna AOP, ta yadda babu mai ikon liƙa wa kayansa wannan suna sai wanda ya noma shi a tuddan lardin Tarn-et-Garonne da kudancin lardin Lot, ya kuma bi ƙa'idojin da aka shimfiɗa.

A ido ba shi da kwarjini. 'Ya'yansa ƙanana ne, masu ruwan zinariya, da ɗigo-ɗigon ja a gefen da rana ta fi duka. Sai an sa a baki ake gane dalilin tsadarsa, domin ɓawon ba shi da kauri ko kaɗan, yana fashewa da zarar harshe ya danna shi, ruwan kuma yana da zaƙi irin na zuma wanda ba ya gundura. Akwai wata farar hoda a jikin 'ya'yan da baƙo zai ɗauka ƙura ce, alhali ita ce shaidar cewa hannu bai wahalar da su ba. Da hannu ake tsinkar kowane nonon inabi, wato curin 'ya'yan, daga ƙarshen Agusta zuwa Oktoba, sannan ma'aikata, galibinsu mata, su bi shi da almakashi suna cire duk ƙwayar da ta lalace, kuma a ganina wannan aiki ne mai saye yake biya.

Yana da nasa aibu. Akwai iri a ciki, abin da yara da waɗanda suka saba da inabi marar iri ba sa so, kuma ba ya jure doguwar tafiya ko ajiyar sakaci. Kuɗinsa ya ɗara na manyan inabin Italiya da ke cika kantuna. Duk da haka, wanda ya samu kansa a Faransa cikin Satumba ya nemi kwali mai tambarin AOP, ya duba cewa karan nonon kore ne shar, kada kuma ya wanke sai lokacin ci.