Sharhi Kan Zaman Shawara da Masaniyar Halayyar Ɗan Adam ga Mai Ciwon Lupus a Accra

Ciwon lupus, wanda garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi jikin da ya kamata ta kare, ba ya tsayawa ga gaɓoɓi da fata da ƙoda, domin yana jawo fargaba da baƙin ciki mai tsanani, kuma wannan ɓangaren ne aka fi yin shiru a kansa a gidajenmu na unguwannin Nima da Maamobi a Accra, inda mace idan ta rame ta daina zuwa biki sai a ce jifa ne ko sammu. Likitan da ke duba ni ne ya tura ni wurin wata masaniyar halayyar ɗan Adam a wani asibiti mai zaman kansa, kuma na ga amfanin zuwan ƙwarai.

A zaman farko ta ba ni takardar PHQ-9 mai tambayoyi 9 da GAD-7 mai tambayoyi 7, waɗanda ke auna yadda mutum ya kasance a makonni biyu da suka wuce ta fuskar barci da cin abinci da damuwa. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ta sa na riƙa rubuta lokacin shan magani da lokacin kwanciya a ƙaramin littafi, har muka gano cewa rashin barci da saurin fushin da ke damuna sun tsananta ne tun da aka ƙara mini prednisolone, maganin rage kumburi da nake sha saboda lupus. Ba ta canza maganin da kanta ba. Wasiƙa ta rubuta wa likitana, shi kuma ya daidaita shi sannu a hankali, tun da ba a yanke wannan magani kwatsam. Haka kuma ba ta taɓa raina addu'a da tawakkalina ba, sai ma ta tsara mini atisayen numfashi bayan sallar asuba, lokacin da gaɓoɓina suka fi sandarewa.

Inda nake da ƙorafi shi ne kuɗi da harshe. Duk zama daga aljihuna nake biya, ga kuɗin trotro, wato motar haya, ga na hydroxychloroquine, wani maganin lupus, da gwajin ido da ake buƙata saboda shi. Sannan da Turanci ko Twi ake tattaunawar, abin da zai hana iyayenmu mata da yawa faɗin abin da ke ransu sai da tafinta, alhali ba kowace magana ce uwa za ta yarda ɗanta ya ji ba. Wadda Hausa kaɗai take ji ta tambaya tun kafin ta biya ko akwai ma'aikaciya mace da za ta zauna da su.