Istio ko Linkerd: wanne ya dace da ƙaramar tawaga a kan Kubernetes?

Ɗan'uwa, ka ce ku uku ne ke kula da manhajar yanar gizo mai sabis shida a kan Kubernetes, tsarin da ke tafiyar da manhajoji cikin kwantena, kana son sanin wanne za ku ɗauka tsakanin Istio da Linkerd, da kuma yadda za ka tabbatar yana aiki bayan girkawa.

Dukansu ragar sabis ne (service mesh), wato tsarin da ke kula da hulɗar sabis-sabis da juna, kuma dabararsu ɗaya ce. Ana liƙa wa kowane fod (pod, ƙunshin kwantena da sabis ke gudana a ciki) ɗan rakiya, wato furoksi, duk saƙon da zai shiga ko ya fita sai ya bi ta hannunsa. Shi ke ɓoye saƙo da mTLS, inda kowane ɓangare ke nuna takardar shaidarsa, shi ke ƙirga buƙatun da suka yi nasara da waɗanda suka faɗi.

Istio, wanda Google da IBM da Lyft suka fito da shi a 2017, yana amfani da furoksin Envoy a matsayin ɗan rakiya. Ba abin da ba ya yi: tura kashi 10 na masu ziyara zuwa sabon salon manhaja, duba JWT (tikitin shaidar mai ziyara), har jefa jinkiri da gangan don a ga wane sabis ne zai fara durƙusawa. Amma kowanne da takardar saitinsa, VirtualService nan, DestinationRule can, kuma kuskure ɗaya a cikinsu kan cinye maka yini. Tun fitowar Istio 1.24 a Nuwambar 2024 tsarin ambient ya kammala, inda furoksin ztunnel ɗaya a kan kowace na'ura ke maye gurbin 'yan rakiyar, nauyin ya ragu sosai. Idan kuma OpenShift kuke kai, wato Kubernetes na kamfanin Red Hat, ragar sabis ɗin Red Hat a kan Istio aka gina ta, maganar zaɓi ta kusa ƙarewa.

Linkerd na kamfanin Buoyant ne. Ɗan rakiyarsa ƙarami ne, da Rust aka rubuta shi don wannan aiki kaɗai, kuma mTLS na kunnuwa da kansa tsakanin fod ɗin da ke cikin raga. A ganina shi ya dace da ku, amma da sharaɗi biyu. Tun Fabrairun 2024 Buoyant ya daina fitar da tsayayyen salo a buɗe ga kowa, sai na edge mai sababbin canje-canje, shi kuwa tsayayyen yana ƙarƙashin lasisin kamfanin, don haka ku karanta sharuɗɗan tukuna. Na biyun ya fi damuna: babbar takardar shaidar da `linkerd install` ke ƙirƙira shekara ɗaya take yi. Ranar da ta ƙare, sabis-sabis ɗinku za su daina amincewa da juna. Ku ƙirƙiri taku mai dogon wa'adi tun ranar farko.

Sai tabbatarwa, nan ne mutane ke yaudarar kansu. A Istio za ka sa wa sashen da fod ɗinka suke (namespace) alamar `istio-injection=enabled`, a Linkerd kuma `linkerd.io/inject: enabled`. Tsofaffin fod ba sa samun ɗan rakiya sai ka yi `kubectl rollout restart`. Za ka ga 2/2 a `kubectl get pods`, hankalinka ya kwanta. To, wannan lambar kwantena biyu kawai ta nuna maka suna tsaye. A Istio ka bi da `istioctl analyze` da `istioctl proxy-status`. A Linkerd ka yi `linkerd check --proxy`, sannan `linkerd viz edges deployment` ya nuna maka wace hulɗa ce ke ɓoye. A nan Linkerd ya fi saurin faɗa maka gaskiya.

Abin da nake roƙonka kada ka tsallake shi ne wannan: a saitin farko, dukansu biyu suna karɓar saƙon da ba a ɓoye ba daga wajen raga. Istio na zuwa a kan PERMISSIVE, Linkerd a kan all-unauthenticated. Ka tayar da fod a sashen da babu ɗan rakiya, ka buga `curl` zuwa ɗaya daga sabis ɗinka. Idan ya amsa, ƙofarka a buɗe take. Ka mayar da saitin PeerAuthentication na Istio zuwa STRICT, ko tsarin shigowa na Linkerd zuwa all-authenticated, ka sake bugawa har sai an ƙi ka. Bayan haka ka buɗe shafin daga waje ta ingress, wato ƙofar shigowa, domin kullewar kan toshe hanyar shigowar masu ziyara ma idan ita ba ta cikin ragar.