Kondo, tawunhaus ko ko'of: me ake saye idan an ce an sayi gida a Amurka?

Hajiya, na ga tambayarki tun jiya da dare, ban dai so in amsa a tsaitsaye ba. Kin ce kun shekara 9 kuna haya a Bronx ta birnin New York, ga yara huɗu, kun ɗan tara na kafin alƙalami, kuma dillali ya nuna muku gidaje uku: ko'of a nan Bronx, kondo a New Jersey, sai tawunhaus a bayan garin Philadelphia. Kika ce ke dai duk gidaje kika gani, ina bambancin, kuma wanne za a saya ba a yi da-na-sani ba.

Abin da ya rikita ki shi ya rikita ni da farko. Sunayen nan uku ba 'yan ɗaki ɗaya ba ne. Tawunhaus sunan fasalin gini ne: gidaje a jere, bango ɗaya ya raba ki da maƙwabta, kowa da ƙofarsa ta waje, hawa biyu ko uku, ba kowa a samanki ba kowa a ƙasanki. Kondo da ko'of kuwa sunayen irin mallaka ne, wato abin da takarda ta ce naki ne. Ba sai kin yi nisa ba, ki leƙa Co-op City a nan arewacin Bronx. Gidaje 15,372 ne a wurin, akasari a cikin dogayen benaye 35, amma a tsakaninsu akwai rukuni 7 na tawunhaus. Wanda ke cikin waɗannan yana da ƙofarsa da ɗan filinsa, sai dai ko bulo ɗaya bai mallaka ba, domin duk unguwar ko'of ce. Saboda haka tambayar farko ga dillalin naku ita ce: tawunhaus ɗin nan na Philadelphia, da ƙasarsa ake sayarwa ko kondo ne aka gina a jere?

Idan da ƙasarsa ne, to shi ya fi kusa da abin da muka sani a gida. Filin da ginin ke kai naki ne, rufi naki, bangon waje naki, ɗan tsakar gidan baya naki. In rufi ya fara yoyo ba wanda za ki kira sai aljihunki. Yawanci akwai ƙungiyar masu gidajen unguwa, wadda suke kira HOA, tana karɓar kuɗi duk wata ko duk wata uku don yankan ciyawa, kwashe dusar ƙanƙara daga titi, fitilun unguwa da wurin wasan yara. Kuɗin bai cika yawa ba, tunda aikin da suke yi kaɗan ne. Wanda ya taɓa zama a rukunin gidaje a Abuja ya san irinsa, kuɗin hidima da ake biya na mai gadi da shara. Sai dai ta nan tana da haƙora. Ita ke faɗin launin fentin ƙofa da tsawon shinge, kuma a wurare da yawa ba a yarda a ajiye motar sana'a mai rubutu a jiki a ƙofar gida ba. Tunda kin ce maigida tuƙi yake yi, ku duba wannan tun yanzu. Wasu tsofaffin gidajen jere na cikin Philadelphia da Baltimore ma ba su da ƙungiya sam, ke da bangon maƙwabcinki ne kawai.

Kondo ya fi kama da gidan gado da aka raba ɗakuna aka bar zaure da rijiya na kowa. Za a ba ki takardar mallaka da sunanki, a rubuta ta a ofishin ƙaramar hukuma, ki biya harajin gidanki da kanki, ki sayar ranar da kika ga dama. Amma abin da kika mallaka ke kaɗai shi ne cikin ɗakunan, kusan daga fenti zuwa fenti. Rufi, harsashi, lif, matakala, bututun da ke cikin bango, wurin fakin da ƙasar kanta duk na tarayya ne, kina da wani kaso a ciki gwargwadon girman gidanki, kuma da wannan kason ake lissafa kuɗin da za ki biya duk wata. Akwai kuma abubuwan da ke tsaka-tsaki, kamar baranda: ke kaɗai ke amfani da ita, amma ba taki ba ce. Inshora ma biyu ce, ta ƙungiya ta rufe ginin, taki mai suna HO-6 ta rufe cikin gida da kayanki.

Gidana na farko kondo ne a Maryland, hawa na biyu. Ranar sunan ɗiyarmu baƙi suka cika falo, takalma suka yi tsibi a bakin ƙofa kamar ƙofar masallaci ranar Juma'a. Bayan kwana uku na tarar da wasiƙa a akwatina: hanyar wucewa ta kowa ce, doka ta hana ajiye komai a kai, wannan gargaɗi ne, na gaba tara. Na yi fushi, na ɗauko kundin dokokin da aka ba ni ranar saye wanda ban taɓa buɗewa ba, sai ga maganar a rubuce baƙi da fari. Har shanya a baranda an hana. Wannan dai ƙaramin abu ne, muka sayo kantar takalma muka sa ta ciki.

Babban abin shi ne karo-karon ba-zata. Kowace ƙungiya ya kamata ta riƙa ware wani abu daga kuɗin wata zuwa asusun ko-ta-kwana, don ranar da rufi ko lif zai tsufa. Amma 'yan kwamitin maƙwabtanki ne, ba a biyansu, kuma ba wanda ke son ya zama shi ya ƙara wa mutane kuɗi. Sai a yi ta ɗage gyara ana murna kuɗin wata ba yawa. Mu a shekara ta huɗu aka ce rufin gine-ginen duka ya gama aiki, asusu kuma bai kai rabin kuɗin ba. Aka raba, rabona ya kama dala dubu shida da 'yan kai, a biya cikin shekara ɗaya, ban da kuɗin wata da bashin banki. Ba a tambayi ko ruwa na zubo mini ba, ni da nake hawa na biyu.

Namu wasa ne idan aka tuna Surfside a Florida. Ranar 24 ga Yuni 2021 wani ɓangare na benen Champlain Towers South mai hawa 12 ya rufta cikin dare, mutum 98 suka rasu. Tun 2018 injiniya ya rubuta cewa kankaren ƙarƙashin wurin ninkaya ya lalace sosai. Aka yi ta ja-in-ja kan kuɗi, kafin a amince da karo-karon kusan dala miliyan 15, inda rabon gida ɗaya ya kama daga wajen dala 80,000 zuwa sama da 300,000. Ginin bai jira ba. A 2022 Florida ta yi dokar da ta tilasta binciken tsofaffin benaye masu hawa 3 zuwa sama, ta kuma hana masu gida kaɗa ƙuri'ar ƙin tara kuɗin gyaran ƙashin gini. Fannie Mae da Freddie Mac, masu sayen bashin gidaje daga hannun bankuna, su ma suka tsaurara: ginin da ke da babban gyaran da ba a yi ba, ba sa karɓar bashinsa. Wannan ya shafe ki ko kina New Jersey, domin ginin da banki ba ya ba da bashi a kansa, ranar sayarwa sai mai kuɗi a hannu, shi kuwa sai ya taya da wulaƙanci. Idan da bashin FHA kuke son saye, wato wanda hukumar gidaje ta gwamnatin tarayya ke tsaya wa, mai kafin alƙalami kashi 3.5 cikin ɗari, ku fara duba ko ginin na cikin jerin waɗanda hukumar ta amince da su.

Kuma kada a ɗauki kuɗin ƙungiya kamar kuɗin asusun unguwa da ake cewa sai wani watan. In aka daina biya, suna da ikon ɗaura wa gidan bashi a hukumance, a jihohi da dama har su kai ga sayar da shi, ko da kuna biyan banki daidai.

Sai ko'of, wanda New York ce cibiyarsa. A nan ba gida kika saya ba a idon doka. Kamfani ne ya mallaki ginin gaba ɗaya, ke kin sayi hannun jari a kamfanin, shi kuma ya ba ki takardar zama a gida lamba kaza muddin jarin na hannunki. Shi ya sa farashinsa ya kan fi na kondo sauƙi, kuɗin watansa kuma ya fi nauyi, domin a ciki ake biyan harajin ginin, sau da yawa har da ɗumama gida, da kuma bashin da kamfanin kansa ya ci a banki. Wannan na ƙarshen ku lura da shi. Na san kuna neman hanyar da ba ruwa a ciki, irin ta kamfanonin Guidance Residential ko UIF masu bin tsarin Musulunci. To ko da kun biya kuɗin jarin lakadan, in ginin na da bashin banki a kansa, wani yanki na kuɗin watanku ruwa yake biya. Hukuncin wannan na malamai ne, ni dai na faɗa miki yadda lissafin yake. Ku kuma tambayi kamfanin da za ku bi tun farko ko yana karɓar ko'of, tunda ba duk masu ba da bashi ke taɓa shi ba.

Shiga ko'of kamar neman aure ne. Za ku kai takardun haraji na shekara biyu, bayanan banki, wasiƙun shaida, sannan a kira ku ganawa da kwamiti. Da yawa suna neman kafin alƙalami kashi 20 cikin ɗari ko fiye, kuma suna so su ga ragowar kuɗi a banki bayan saye. Suna iya cewa a'a. Dokar adalci a harkar gidaje ta 1968, da gyaran da aka yi mata a 1988, ta hana ƙin mutum saboda launi, addini, ƙasar asali ko don yana da yara, amma tabbatar da abin da ke zuciyar kwamiti aiki ne. Ranar da za ki sayar ma, wanda ya taya sai ya bi ta wannan ƙofa, in suka ƙi shi ciniki ya watse. Ga kuma abin da ya fi shafar irinmu: ba da haya sai da izini, wasu gine-ginen ba sa yarda sam, wasu shekara biyu kawai. Mu kuwa kullum zuciya na cewa wata rana za a koma Kumasi ko Kano a bar gidan yana kawo wani abu. Ɗan'uwa ya zo daga gida ya wata shida a falo, shi ma akwai ginin da zai tambaya.

Ba zan yi masa rashin adalci ba. Wannan tsananin shi ke sa maƙwabta su zama masu zama na dindindin, ba 'yan haya masu shiga da fita ba. Sai ki bincika ko ko'of ɗin naku na kasuwa ne ko irin na shirin Mitchell-Lama da jihar New York ta kafa a 1955, wanda Co-op City ke ƙarƙashinsa. Irin wannan akwai iyakar albashin shiga, akwai layin jira na shekaru, kuma ranar fita kuɗin da kika zuba za a mayar miki, ba ribar tashin farashi. Wurin zama ne mai rahusa da kwanciyar hankali, amma ba dukiyar da za ta hayayyafa wa yara ba ce.

In kin ji 'yan'uwa na Ingila na cewa sun sayi fulat, nasu daban ne. Yawanci hayar dogon zango suka saya, shekara 99 ko 125, ƙasar tana hannun wani. Kada ki ɗauki shawararsu ki aza a kan na nan.

Da ni ne da yara huɗu, tawunhaus mai ƙasarsa zan fi karkata, in dai nisan bai kashe aikin maigida ba. Yara huɗu a saman kan wani tsoho mai son barcin rana, wasiƙu ba za su ƙare ba. Amma sai in kuna iya ajiye wani abu duk wata a asusunku na gyara, don a can ba ƙungiyar da za ta tara muku. In aiki da makarantar allo da dangi sun ɗaure ku a Bronx, ko'of ba laifi, muddin kun haƙura da zancen ba da haya. Kondon New Jersey kuwa ba zan ce komai ba sai na ga takardunsa.

Ku ce wa dillali ya kawo kundin dokoki, kasafin kuɗin bana, rahoton asusun ko-ta-kwana, da bayanan zaman kwamiti na shekara guda ko biyu. Waɗannan bayanan zaman su ne madubi. In kika ga kalmar rufi ko yoyo tana dawowa wata bayan wata ba a yanke komai ba, kin san abin da ke tafe. Ku tambaya a rubuce ko akwai karo-karon da ake shirin yi, ko ƙarar da ke kotu, da kuma gidaje nawa ne ba sa biya. Wasu jihohin suna ba mai saye 'yan kwanaki ya janye bayan ya karɓi takardun, a Maryland kwana 7 ne ga kondo. Naku lauyan zai faɗa muku na jihar da kuka zaɓa, kuma a New York dama da lauya ake cinikin gida.

Idan takardun sun zo, ki ɗauki hoton shafin kasafin kuɗi da na asusun ki turo, mu duba tare. A gaida Alhaji da yara.